Yadda Na Lissafa Ƙarfin Casimir na Taguwar Juyi a Siririn Fallen Maganaɗisu

Aikin da malamina ya damƙa mini a farkon shekarar bincikena bai da tsawon bayani. Ya ce in ɗauki fallen maganaɗisu wanda kaurinsa bai wuce 'yan nanomita ba, in lissafa makamashin da ke saura a cikinsa bayan an janye dukkan zafi, sannan in nuna yadda wannan makamashi ke sauyawa idan kaurin ya ƙaru ko ya ragu. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Duk inda makamashi ya dogara da kauri to akwai ƙarfi a wurin, domin kowane abu yana karkata zuwa yanayin da makamashinsa ya fi ƙasa, saboda haka ainihin abin da ake nema shi ne ƙarfin da falle ke matse kansa da shi, ko kuma yake tura fuskokinsa biyu waje. Na ƙiyasta mako biyu za su ishe ni. Aikin ya ci kusan wata biyar, kuma kaso mai tsoka na lokacin ya tafi ne wajen fahimtar wani sifili da kwamfuta ta dage tana ba ni.

A makon farko Malam ya hana ni taɓa kwamfuta, ya ce sai na iya fitar da sakamakon Hendrik Casimir da hannu a kan takarda. A 1948, Casimir yana aiki a ɗakin binciken kamfanin Philips da ke Eindhoven a ƙasar Holan, ya nuna cewa faranti biyu na ƙarfe marasa caji, idan aka jera su fuska da fuska a sararin da aka zuƙe wa iska, za su ja juna. Dalilin yana cikin ka'idar kwantum, wadda ta ce duk abin da ke kaɗawa ba ya taɓa tsayawa cik, ko da an kai shi matuƙar sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Kullum akwai ragowar makamashi, rabin ƙwaya ɗaya ga kowace irin kaɗawa. A tsakanin farantan ba kowace taguwar haske ce ke samun mazauni ba, sai wadda tsawonta ya dace da tazarar, kamar yadda tsirkiyar molo da aka ɗaure ta kai biyu take da muryoyin da za ta iya bayarwa da waɗanda ba za ta iya ba. A waje kuwa babu wannan ƙaidi. Bambancin da ke tsakanin ciki da waje shi ne ke haifar da jan. A tazarar maikiromita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na mita, matsin bai wuce faskal 0.0013 ba (faskal shi ne ma'aunin matsi), amma duk lokacin da aka raba tazarar biyu sai ya ninka sau 16, ta yadda a nanomita 10 yake kai kimanin nauyin iskar duniya a kanmu. Marcus Sparnaay ya gwada aunawa a 1958 bai samu sakamako mai kaifi ba, sai a 1997 Steve Lamoreaux ya auna shi a Jami'ar Washington da ke Amurka har ya gamsar da masana.

Abin da ya rage shi ne in maye gurbin haske da taguwar juyi. Kowane elektiron yana ɗauke da wani juyi na cikin jikinsa wanda ke mayar da shi tamkar ƙaramar allurar kamfas, kuma a cikin maganaɗisu waɗannan allurai suna riƙe da juna ta hanyar abin da ake kira ƙarfin musaya. Idan aka karkatar da ɗaya, sai ta riƙa kewaya kamar katantanwar da ta fara lilo, ta ja maƙwabciyarta, ita ma ta ja ta gaba, har kaɗawar ta ratsa dutsen maganaɗisun gaba ɗaya yadda iska ke ratsa gonar gero, kowane kara na tsaye a gindinsa amma sunkuyawar tana tafiya. Felix Bloch ne ya fara bayyana wannan taguwa a 1930, ƙwayarta ɗaya kuma ana kiranta magnon. Cewa siririn falle yana zaɓar taguwoyin da za su zauna a cikinsa abu ne da aka gani da awo tun 1958, lokacin da Seavey da Tannenwald suka ga jerin kaɗawa masu gaɓa-gaɓa a fallen gamin nikel da baƙin ƙarfe. Ke nan fuskokin falle biyu suna iya tsayawa a matsayin farantan Casimir.

Na damu da wannan batu ne saboda inda fasahar sifintironik ta dosa, wato amfani da juyin elektiron maimakon cajinsa wajen ɗaukar bayani. Fagen ya samo ƙarfinsa daga abin da Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus suka gano a 1988, wanda ya kai su ga kyautar Nobel a 2007. A 2010 masu bincike a Japan suka aika saƙon lantarki ta cikin dutsen da ba ya wuce da lantarki ko kaɗan, magnon ne ya ɗauki saƙon, a 2015 kuma masu bincike a Groningen suka auna cewa magnon na iya yin tafiyar maikiromita 9.4 a cikin wannan dutse a zafin ɗaki. Fallayen da ake ƙerawa don irin waɗannan na'urori kullum ƙara sirancewa suke yi. A 2023 Kouki Nakata da Kei Suzuki na hukumar makamashin nukiliya ta Japan suka buga lissafin da ke nuna cewa tasirin Casimir na magnon zai bayyana a irin wannan falle. Aikin nasu lissafi ne a kan ka'ida, kuma Malam ya so in bi hanyar da ƙafata tun daga tushe kafin in karanta yadda su suka bi ta.

Akwai wani sauƙi da dutse yake da shi wanda sarari ba shi da shi. A lissafin Casimir na asali, makamashin ciki da na waje duka ba su da iyaka, sai an yi dabara kafin a cire ɗaya daga ɗaya. A cikin dutse kuwa taguwa ba za ta iya gajarta fiye da tazarar atam da atam ba, don haka kowace jimla tana da ƙarshe. Ma'anar da na yi aiki da ita ke nan: a tara rabin makamashin kowace taguwar da falle mai kaurin layin atam N ya yarda da ita, sannan a cire abin da layi N ɗin za su ɗauka da a ce suna tsakiyar ƙaton dutse marar fuska. Ta farko jimla ce mai gaɓa-gaɓa, ta biyu jimla ce mai gudana, wadda masu lissafi ke kira integiral, kuma abin da ya saura bayan cirewa shi ne makamashin Casimir.

Na fara da mafi sauƙin maganaɗisu, wanda dukkan juyinsa suka fuskanci gefe ɗaya, wanda masana ke kira feromagnet, ni kuma a rubutuna na kira shi mai bai-ɗaya. Na jera atam a layi guda, na haɗa ƙarshen layin da farkonsa kamar zobe don in kauce wa matsalar fuska tukuna. A wannan tsari makamashin taguwa yana bin siffar ɗaya a cire kosain na kusurwar da kewayen juyi ke riga na maƙwabcinsa da ita. Na rubuta shirin da Python, bai kai layi talatin ba, na sa shi ya lissafa daga N daidai da 1 har zuwa 200. A N daidai da 1 ya ba da lamba. Daga 2 zuwa 200 sifili ya bayar, in ban da 'yar ƙurar da ke fitowa a can gurbi na goma sha huɗu bayan ɗigo, wadda ke zuwa daga iyakar ƙididdigar kwamfuta. Mako uku na yi ina neman kuskure. Na sake rubuta shirin daga farko har sau biyu, na canza hanyar yin integiral, na gwada a wata kwamfutar, kuma kowane dare ina kwanciya da yaƙinin cewa akwai wata alama da na juya ko wani rabi da na manta.

Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na tafi ofishin Malam. Bayan mun gaisa na ce, "Allah ya gafarta Malam, lissafin nan ya ƙi." Ya tambaye ni abin da ya ba ni, na ce sifili. Ya ce, "A kowane kauri?" Na ce in ban da mai layi ɗaya. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya miƙo mini alli ya ce, "Ɗana, ajiye kwamfutar nan. Tara mini kosain ɗin da hannu, na zobe mai atam huɗu." Kusurwoyin da zobe mai atam huɗu ya yarda da su su ne digiri 0, 90, 180 da 270, kosain ɗinsu kuma 1, 0, −1 da 0. Jimla sifili. Ya ce in yi na uku: 1, −½, −½. Sifili. Tun kafin in ajiye allin na gane cewa ɗigogin da aka raba daidai a kan da'ira kullum suna soke juna, haka nan integiral ɗin kosain a kan cikakkiyar da'ira sifili ne, saboda haka jimlolin biyu daidai suke, babu abin da zai saura. A zobe mai atam ɗaya ne kawai ɗigon ba shi da abokin da zai soke shi. Shirin nawa lafiya lau yake tun ranar farko.

Malam bai bar ni a nan ba, domin a ganinsa lissafin da ba a san dalilinsa na zahiri ba rabin sani ne. Ya sa ni na koma ga aikin Holstein da Primakoff na 1940, wanda ya nuna yadda ake rubuta juyi da harshen ƙwayoyin magnon. A maganaɗisu mai bai-ɗaya, ƙarfin musaya yana iya musanya juyin maƙwabta biyu, amma idan duka biyun gefe ɗaya suke kallo, musanyar ba ta sauya komai. Yanayin da kowa ya miƙe gefe guda shi ne ainihin yanayin ƙasa, babu wata girgizar kwantum da ke cikinsa, kuma inda babu girgiza babu abin da fuskokin falle za su takura. A maganaɗisu na gaske akwai ƙarin wani ja mai rauni tsakanin allurai masu nisa da juna, wanda ke kawo 'yar girgiza, kuma Holstein da Primakoff sun sa shi a lissafinsu, sai dai tsarin da na fara da shi ba ya ɗauke da wannan. Har yau ina ganin wannan sifili shi ne abu mafi daraja da na samu a aikin, domin shi ya nuna mini cewa takurawa kaɗai ba ta isa ta haifar da ƙarfin Casimir.

Daga nan na koma ga maganaɗisu mai kishiya, antiferomagnet, inda kowane juyi ke kallon akasin maƙwabcinsa, kamar a kiromiyom oksaid wanda ke riƙe wannan tsari har zuwa kimanin digiri 307 a ma'aunin Kelvin, wanda ke fara ƙirga daga matuƙar sanyi. A nan musanya maƙwabta biyu tana ɓata jerin, saboda haka tsarin sama-ƙasa-sama-ƙasa ba zai iya zama cik ba, kullum magnon biyu-biyu suna ɓullowa suna ɓacewa. Philip Anderson ya lissafa girman wannan girgiza a 1952. A saƙar atam mai siffar ɗan lido tana rage tsawon kowane juyi da kimanin 0.078, a saƙa mai shimfiɗe kamar dara kuwa da kimanin 0.197, wanda ga juyi mai girman rabi ya kusa kashi 40 cikin 100. Wani abin da ya fi muhimmanci a gare ni shi ne, a dogayen taguwoyi, makamashin magnon a nan yana ƙaruwa kai tsaye da yawan lanƙwasar taguwar, daidai yadda na haske yake yi, kuma rassa biyu ne, wato nau'in taguwa biyu, kamar yadda haske ke da fuskar kaɗawa biyu.

Wannan karon da hannu na fara. A zobe, makamashin taguwa a nan sain yake bi maimakon kosain, kuma jimlar sain ɗin tana da amsa a rufe, kotanjent na π a raba da 2N, jimla mai gudana kuma 2N a raba da π. Ga zobe mai gurbi 10, ta farko 6.3138, ta biyu 6.3662, bambanci −0.0524. Ka'idar da aka sani ta ce ga dogon zobe amsar za ta doshi −π a raba da 6N, wanda a nan yake ba da −0.0524 shi ma. Ko a N daidai da 2 tazarar ba ta da yawa, −0.273 ne a gefen −0.262. Kwamfuta ta fitar da waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya, kuma alamar cirewar na nufin ja ne, wato zoben ya fi son ya tsuke. Ban ɗauki wannan a matsayin bayanin wani dutse na gaske ba, domin tun aikin Hans Bethe na 1931 aka samu hanyar gane cewa layi guda na juyi ba ya riƙe tsarin kishiya mai ɗorewa. Na yi amfani da shi ne don in tabbatar injin lissafina yana tafiya daidai.

Wahalar gaske ta zo ne da na koma falle mai faɗi da tsawo da kauri. Yanzu kowace taguwa tana da gaɓa-gaɓa ta wajen kauri, amma tana gudana ta sauran ɓangarori biyu, don haka sai an yi integiral a kansu. Na san inda ya kamata in sauka: ga kowane reshe, π² a raba da 90, wato 0.1097, a sake rabawa da N sau uku. A ƙananan kauri lambobin sun doshi wannan, amma daga wajen N daidai da 30 sai suka fara rawa, wani lokaci ma alamar ta juye. Dalilin a fili yake da na zauna na ƙirga. A N daidai da 50, abin da nake nema bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba, alhali lambobin biyu da nake cirewa daga juna kowace tana cikin gommai, ke nan sai kowace ta yi daidai har gurbi takwas ko fiye kafin bambancinsu ya zama abin dogaro. Ga shi kuma makamashin yana da tsini a daidai inda taguwa ta fi tsawo, kuma ragar ɗigogin da kwamfuta ke yin integiral a kai, idan idanunta daidai-wa-daida ne, ba ta kama tsini da kyau. Gyara biyu na yi. Na farko, na riƙa yin cirewar a kowane ɗigo tun kafin integiral, ta amfani da ka'idar Poisson wadda ke ba da bambancin kai tsaye ba tare da an bi ta manyan lambobin ba. Na biyu, na tsananta idanun ragar a kusa da tsinin. Bayan haka layin ya kwanta a kan 0.1097 har zuwa kaurin da na gwada na ƙarshe.

Sai na iso ga dutsen da aka yi duk wannan shiri dominsa, yitiriyom ayan ganet, wanda kowa a fagen ke kira YIG, shi ne kuma dutsen da aka yi gwaje-gwajen 2010 da 2015 da shi. Bertaut da Forrat ne suka bayyana shi a Grenoble a 1956. Ana ƙaunarsa ne saboda taguwar juyi tana daɗewa a cikinsa kafin ta mutu fiye da kusan kowane maganaɗisu da aka sani, kuma yana riƙe maganaɗisunsa har kimanin digiri 560 a ma'aunin Kelvin. Shi ferimagnet ne, irin da Louis Néel ya bayyana a 1948, shekarar da Casimir ya buga nasa aikin. Ni na kira shi mai rinjaye: juyin ƙarfensa sun kasu gida biyu masu kallon akasin juna, amma a kowane biyar, uku suna gefe ɗaya biyu suna ɗayan, sai ragowar ta sa ya kama ƙarfe kamar maganaɗisu na yau da kullum. Ɗakin saƙarsa ɗaya, wato rukunin atam ɗin da ke maimaituwa a cikin dutsen, yana da faɗin nanomita 1.2376.

A nan na sake cin karo da sifili. Masu gwaji da taguwar maikirowef sukan ɗauki YIG tamkar mai bai-ɗaya, domin reshensa na ƙasa kaɗai suke taɓawa, kuma a dogayen taguwoyi wannan reshe siffar mai bai-ɗaya gare shi. Na bi wannan al'ada na rubuta shi da ɗaya a cire kosain, kwamfuta kuma ta ba ni abin da ya kamata ta bayar. Wannan karon kwana ɗaya kawai ya ɗauke ni, domin na riga na san inda zan duba. Na rubuta tsari mai gida biyu, babban juyi da ƙaramin juyi, na warware shi da dabarar lissafin da ake kira sauyin Bogoliubov, sai rassa biyu suka fito, kowane yana ɗauke da tushen murabba'i iri ɗaya, ɗaya an ƙara masa rabin bambancin juyin biyu, ɗayan an cire masa. Idan aka tara su don samun makamashin tushe, ƙari da ragin suna soke juna, tushen murabba'in kaɗai ke saura, shi kuwa ba kosain tsantsa ba ne, saboda haka ba ya sokewa a kan da'ira. Girgizar tana nan, rinjayen ne kawai ya rufe ta ga mai kallon reshen ƙasa. A zoben gwaji na iya nuna cewa makamashin Casimir yana raguwa da rabon ƙaramin juyi a kan babba a duk ɗakin da aka ƙara. Idan rabon biyu ne bisa uku, to bayan ɗaki 10 wannan ragi kaɗai ya mayar da shi ƙasa da kashi 2 cikin 100, idan kuma juyin biyu suka kusa yin kunnen doki sai ya koma mai dogon zango kamar na mai kishiya. Wani sakamako da ya faranta mini rai shi ne, filin maganaɗisu da aka ɗora daga waje a kan layin juyin yana ɗaga reshe ɗaya ya sauke ɗayan daidai gwargwado, don haka a wannan tsari ba ya taɓa makamashin Casimir muddin jerin juyin bai rushe ba.

Zobe dabarar lissafi ce, falle na gaske fuska biyu gare shi, ɗaya tana manne da dutsen da aka shuka shi a kai, ɗaya tana kallon iska ko wani ƙarfe kamar filatinom. Juyin da ke kan fuska yana iya zama a sake, yana iya zama a kafe, yana kuma iya zama tsaka-tsaki, kamar yadda Rado da Weertman suka tsara a 1959. Da na buɗe zoben sai wata lamba ta bayyana wadda ba ta sauyawa da kauri, har a mai bai-ɗaya, inda jimlar kosain ta zama 1 a kowane N. Wannan makamashin fuska ne kawai, kuma tunda ba ya sauyawa da kauri ba ya haifar da ƙarfi, dole a ware shi gefe. Bayan an ware shi, fuskoki biyu masu hali ɗaya suna ba da ja wanda ya gaza na zobe sau 16. Idan kuwa ɗaya a kafe take ɗaya a sake, alamar tana juyewa ta zama turi, da girman bakwai bisa takwas na jan, daidai da abin da Timothy Boyer ya samu ga haske a 1974. A ganina wannan shi ne wurin da mai ƙera falle yake da iko na gaske, domin halin fuska abu ne da ake iya sarrafawa ta zaɓen abin da aka shimfiɗa a kanta.

Lokacin da na mayar da lambobin zuwa faskal ne jikina ya ɗan yi sanyi. Ga mai kishiya mai rassa biyu da fuskoki masu hali ɗaya, amsar ita ce ta Casimir sak, sai dai a cire gudun haske a sa gudun magnon. Haske yana yin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Idan aka ɗauki gudun magnon a kilomita 10 a daƙiƙa don ƙiyasi, matsin zai gaza na haske sau 30,000, wato kimanin faskal 4 a kaurin nanomita 10, da kimanin faskal 2,700 a nanomita 2. Na ajiye wannan a gefen wani matsin da kowane fallen YIG ke ɗauke da shi tun daga haihuwa. Akan shuka shi ne a kan gadoliniyom galiyom ganet, wanda faɗin ɗakinsa nanomita 1.2383 ne, kuma wannan ɗan saɓani na kimanin kashi 0.06 cikin 100, a dutsen da taurinsa ya kai wajen faskal biliyan 200, yana haifar da matsi na kusan faskal miliyan 100. Ga kuma zafi: a digiri 300 na Kelvin makamashin zafi ya kai mili-elektironbolt 26 (elektironbolt ma'aunin makamashi ne, mili ɗaya kuma maikiro dubu ne), alhali magnon mai kaɗawa sau biliyan a daƙiƙa bai wuce maikiro-elektironbolt 4 da ɗoriya ba, don haka a zafin ɗaki falle cike yake da magnon na zafi waɗanda su ma suke jin takurar fuskokin. Na rubuta waɗannan kwatance a babin kundin bincikena ba tare da na tausasa su ba, domin ban ga amfanin nuna wa mai karatu ƙarfi ba tare da nuna masa abin da ƙarfin zai yi gogayya da shi ba.

Da Malam ya karanta, tambaya ɗaya ya rubuta da jan biro a gefen shafin: "Wane ne zai motsa?" Mun shafe yammaci guda a kanta. Farantan Casimir suna iya matsowa kaɗan-kaɗan, amma falle ba ya karɓar rabin layin atam. Saboda haka sauyin kauri yana da ma'ana biyu da na cakuɗa. Ɗaya ita ce a ƙara yawan layi, wanda ya shafi yadda falle ke girma lokacin da ake shuka shi. Ɗayar ita ce a bar yawan layi yadda yake a matse tazarar da ke tsakaninsu, wanda ke sauya ƙarfin musaya shi kansa, ya kuma haɗa batun da miƙewa da tsukewar da maganaɗisu ke yi idan tsarin juyinsa ya sauya. Na raba babin gida biyu a kan wannan. Na kuma ƙara ra'ayina cewa hanyar da ta fi dacewa a nemi wannan tasiri ita ce ta bambanci: a mai kishiya, filin waje mai tsananin ƙarfi yana iya tilasta wa dukkan juyi su kalli gefe ɗaya, a nan kuwa girgizar ta mutu, alhali saɓanin saƙa da sauran matsin da ba na juyi ba suna nan yadda suke.

Aikin da nake kai yanzu shi ne barin tsari mai gida biyu zuwa YIG na gaske, wanda ƙaramin ɗakinsa ke ɗauke da atam ɗin ƙarfe 20, 12 a gida ɗaya 8 a ɗayan, kowane da juyi mai girman biyar bisa biyu, abin da ke ba da rassan magnon 20. A kowane ɗigo sai an warware jadawali mai layi 40 da ginshiƙi 40 ta hanyar da Colpa ya tsara a 1978, ƙarfin musayar kuma ina ɗaukarsa ne daga awon nutiron da aka yi a Ingila aka buga a 2017. Kafin in yarda da ko lamba ɗaya daga sabon shirin, na juya alamar dukkan ƙarfin musayar ta yadda juyi 20 ɗin za su kalli gefe ɗaya, na sa shi ya lissafa daga ɗaki 2 zuwa ɗaki 30. Ya ba ni sifili a kowane kauri, sannan na mayar da alamomin yadda suke na saki lissafin farko.